Daga Kano Zuwa Dajin Hoh, Neman Fure Mai Ganye Uku

Bayan ƙaramar Sallar 2024 da 'yan kwanaki na bar Kano, lokacin da zafin Afrilu ke kan ganiyarsa. Ɗan ƙanwata da ke aikin jinya a Seattle, can arewa maso yammacin Amurka, ya daɗe yana matsa mini in zo in ga iyalinsa. Na amsa masa, amma da sharaɗin zuwan ya faɗo a Afrilu, kuma ya kai ni daji. Aikin gandun daji na yi har na ajiye, kuma tun ina koyon aikin nake jin labarin dazuzzukan gaɓar Tekun Fasifik. Wata shekara ya turo mini hoton wani ɗan farin fure ta WhatsApp, shi kaɗai a gindin wata ƙatuwar bishiya, ya ce makonni kaɗan yake yi a shekara ya ɓace. Tun daga ranar na ƙudurta sai na gan shi da idona.

Maganar biza ba zan tsaya a kanta ba, duk wanda ya taɓa nema ya san jiran da ke ciki. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka yi Doha, daga Doha kuma sama da awa 14 ne a sama ba sauka. Jirgin ba ya miƙewa yamma kamar yadda mai duban taswira zai zata. Arewa yake dosa, ya ratsa ta saman ƙanƙara, sannan ya gangaro ta Kanada, rana kuwa ta ƙi faɗuwa har muka isa. A zaune na yi sallolina ina kintatar lokaci.

A filin jirgin Seattle, bayan jami'in shige da fice ya tambaye ni wajen wa na zo da kuma ranar komawata, sai aka tura ni layin masu ɗauke da kayan abinci. Ƙanwata ta cika mini jaka da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da yaji, duk na ɗanta. Na faɗa musu komai tun kafin su buɗe. Wata jami'a ta sa safar hannu ta bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ta shinshina daddawar ta ɗan ja da baya, ta tambaye ni ko akwai nama, ko ɗanyen 'ya'yan itace, ko irin shuka, ko ƙasa. Na ce babu. Wani bawan Allah da muka taho tare tun daga Kano kuwa, kilishinsa gaba ɗaya aka karɓe, don nama ba ya shiga ƙasar a jakar matafiyi. Na tausaya masa, amma ban ga laifinsu ba. Wanda ya taɓa ganin yadda ƙwaro ɗaya ko cuta ɗaya ke cinye gandun itatuwa ya san dalilin wannan tsananin.

Kwanakin farko na yi su ne a gida ina fama da barci, don tsakaninmu da su awa 8 ne. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne alƙibla. Na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas kamar yadda jiki ya saba, sai yaron ya ce, “Kawu, a nan arewa ake fuskanta, a ɗan karkata gabas kaɗan.” Ya nuna mini a waya, hanya mafi kusa zuwa Makka daga garin ta saman duniya take bi, kamar dai yadda jirginmu ya biyo.

Da hutunsa ya zo muka kama hanya da sassafe, mu biyu a motarsa. Matarsa ta haɗa mana fulas na shayi mai citta, da burodi, da dafaffen ƙwai, ta kuma ba ni rigar ruwa da takalmin da ba ya jiƙa, ta ce, “Kawu, inda za ku babbar riga ba ta aiki.” Ya ce in riƙe fasfo a aljihu, don yankin bakin iyaka ne, Kanada na tsallaken ruwa.

Daga tsakiyar birnin motar ta shiga jirgin fito. Jirgi ne da ke haɗiye motoci jere-jere a cikinsa, fasinjoji su hau sama su zauna a kujeru suna shan kofi. Mota da mu biyu ƙasa kaɗan da dala 30 muka biya, minti 35 kuma ya kai mu tsibirin Bainbridge. A lokacin dala ta haura naira dubu, don haka duk abin da aka biya sai zuciyata ta buga lissafi, har yaron ya roƙe ni in daina. Mai ma galan ɗaya, wato kusan lita 4, ya wuce dala 4. Gaba kaɗan muka hau gadar Hood Canal, wadda tsawonta ya haura kilomita 2, kuma mafi yawanta a kan ruwa take yawo, don zurfin wurin ya hana a kafa mata ginshiƙai. A 1979 guguwa ta nutsar da rabinta aka sake ginawa. Bai faɗa mini wannan ba sai da muka tsallake.

Tun daga jirgin fito har inda muka kwana ba wanda ya tare mu. Ba shinge, ba ganga a tsakiyar titi, ba katako mai ƙusoshi, ba mai cewa a buɗe but. Wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Jos zai fahimci yadda hakan ke ɗaure kai. 'Yan sanda suna nan, na ga motarsu a laɓe a wata kwana, amma gudu suke awo, kuma shi ya sa ɗan nawa bai taɓa wuce adadin da aka rubuta a allo ba.

A garin Sequim na ga abin da ban yi tsammani ba. Rana tarwai, filaye a buɗe, ciyawa gajera, ga magudanan ban-ruwa da aka janyo daga kogi. Ruwan saman da garin ke samu a shekara bai wuce milimita 400 da ɗoriya ba, kusan daidai da Damagaram, kuma ƙasa da na Kano nesa ba kusa ba. Amma dajin da muka dosa, a bayan duwatsun da muke hange, yana samun kimanin mita 3 da rabi. Dalili shi ne iska mai ɗauke da ruwa daga teku take tasowa, ta ci karo da duwatsun Olympic, ta hau ta yi sanyi, ta juye ruwanta a gefen yamma. Kafin ta gangaro wannan gefen ta riga ta bushe. A tafiyar yini guda mutum zai ga ƙasa tana sauya kama fiye da yadda take sauyawa daga Katsina zuwa Kalaba.

Port Angeles mun wuce ta ba tsayawa sai shan mai. Daga nan babbar hanya mai lamba 101 ta bi gefen tafkin Crescent, mai zurfin kusan mita 190, ruwansa shuɗi garau. Sama ta fara rufewa, yayyafi ya sauko. A bakin tafkin muka ajiye mota muka kama 'yar siririyar hanyar ƙafa da ke zuwa magangarar ruwa ta Marymere, tafiyar kilomita ɗaya da rabi.

Taku kaɗan cikin dajin haske ya ragu kamar magariba ta kusa, alhali ko azahar ba a yi ba. Itatuwan miƙaƙƙu ne sambal, ba reshe sai can sama, irin su fir na Douglas da hemlok da sida. Ƙasa kuwa laushi gare ta, ƙafa na nutsewa cikin ruɓaɓɓen ganye da gansakuka, ga wani ƙamshin danshi da ban taɓa shaƙa a dazuzzukanmu ba ko a tsakiyar Agusta. Yaron yana ta nuna mini tsayin bishiyoyi, ni kuwa idona na ƙasa.

A gefen wani kututture da ya ruɓe na gan shi. Kara ɗaya siriri, tsayinsa bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, babu ganye a jikinsa sai can ƙarshe, inda manyan ganye uku suka baje daga wuri guda, kowanne da faɗi a tsakiya da tsini a baki. A samansu wani ɗan guntun kara ya ɗago fure ɗaya tal. Farare uku ne ganyen furen, a tsakaninsu ƙananan koraye uku suna leƙowa, a tsakiya kuma zare shida masu ɗauke da garin rawaya. Na durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa na daɗe ina kallo. Sunansa na kimiyya Trillium ovatum, mutanen wurin kuma tiriliyam suke ce masa. Yana fitowa tun daga kudancin British Columbia a Kanada har zuwa California, ya kuma shiga ciki har Idaho da Montana, duk inda aka samu inuwa da danshi. Meriwether Lewis, jagoran wata tawagar bincike ta Amurka, ya tsinko shi a bakin kogin Columbia a Afrilun 1806, a hanyarsu ta dawowa daga teku, kuma daga wannan samfurin ne masanin tsirrai Frederick Pursh ya raɗa masa sunan.

Da ido ya gane shi sai na fara ganinsa ko'ina, ɗaya nan, uku can, wani a bakin rafi. Wasu fari fat, wasu sun yi ruwan hoda, wasu sun koma ja mai duhu kamar za su yi shunayya. Ba iri daban-daban ba ne. Da fari yake buɗewa, yana tsufa yana rinewa, ta yadda mai wucewa zai iya gane wanda ya buɗe jiya da wanda ya kusa zubewa.

Ina durƙushe wata tsohuwa ta iso, da sanda biyu a hannu da hular ruwa, shekarunta za su kai na yayata. Ta tsaya ta gaishe mu, sannan cikin ladabi ta ce tana fatan ba tsinka zan yi ba. Na ce mata aikin daji na yi a Najeriya, na san haƙƙin abin da na tarar a tsaye. Sai fuskarta ta saki, ta jingina da sandunanta, muka shiga hira har yayyafin ya jiƙa mana kafaɗu. Doka ta hana tsinkar fure a wurin, don cikin gandun dajin Olympic yake, amma ta ce ba don doka take magana ba. Waɗannan ganye ukun su ne kaɗai abin da tsiron ke da shi na haɗa abinci a shekara. Wanda ya tsinke furen da ganyensa ya hana shi guzurin baɗi, sai ya yi shekaru bai sake fure ba, wani ma ya mutu ɗungurungum. Kuma furen ba ya daɗewa a kofin ruwa.

Abin da ya fi kama ni shi ne nawarsa. Ƙwayar irin idan ta faɗi ƙasa, sanyin hunturu ɗaya ba ya isarta. Bayan na farko 'yar saiwa kawai take fitarwa a ƙarƙashin ƙasa, ba abin da ido zai gani. Sai bayan hunturu na biyu ɗan siririn ganye ɗaya zai leƙo. Shekaru zai yi da ganye ɗaya yana tara abinci a wata guntuwar saiwa mai kauri da ke kwance kamar citta, sannan ya kai ga ganye uku, sannan fure. Shekara 7 ake cewa mafi ƙaranci, a daji kuwa sau da yawa yakan haura 10. Kowace shekara saiwar na barin tabo guda a jikinta, da shi ake ƙirga shekarunsa, kuma an samu waɗanda suka haura shekara 70. Na sake duban wanda ke gabana, wanda yaro ɗan shekara uku zai iya fizgewa da yatsu biyu, na ce mai yiwuwa sa'ana ne.

Ta tambaye ni ko na san mai yaɗa masa iri. Tururuwa ce. Kowace ƙwaya tana da wani ɗan farin tsoka mai maiƙo manne a jikinta. Idan 'ya'yan suka nuna a tsakiyar shekara suka fashe, tururuwa kan ja ƙwayar zuwa raminta, ta ciyar da 'ya'yanta da maiƙon, ta yar da ƙwayar lafiya lau a jujinta, inda ƙasa ke da taki kuma ɓera bai cika ganowa ba. Wani irin rina ma yakan ɗauka ya tashi da ita. Na gaya mata tamu tururuwar ita hatsin take ci, takan tara irin ciyawa a rumbunta, har kakanninmu suna ba da labarin yadda a shekarun yunwa ake tone gidanta a kwashe. Ta ce ba ta taɓa jin wannan ba, ta sa na maimaita mata. Daga nan kuma na gane wani abu: tsiron da tururuwa ke kai wa iri, tafiyarsa a shekara ba ta wuce 'yan taku. Idan aka share shi daga wani fili, ba iska ce za ta dawo da shi ba.

Ƙabilun asali na yankin, irin su Makah da Quileute da Quinault da Hoh, sun san shi tun kafin zuwan Turawa. Masaniyar al'adu Erna Gunther ta rubuta a 1945 cewa Quileute kan kankare saiwar su ɗora a kan maruru, Makah kuma kan daka ta su shafa a jiki don neman soyayya. Da tsohuwar ta ambaci wannan sai gadali ya faɗo mini a rai, wanda shi ma daga ƙarƙashin ƙasa yake tasowa, kuma mutanenmu suka jingina masa farin jini da mallaka.

Magangarar ruwan mun je mun gani, tsayinta kusan mita 27, kyakkyawa ce, amma hankalina na baya.

Da yamma muka shiga Forks, ƙaramin gari mai titi ɗaya babba, wanda katako ya gina. Ɗakin kwana mai gado biyu a wani ƙaramin masauki ya ci sama da dala 100 a dare, ba abinci. Na'urar ɗumama ɗaki na aiki, ruwan zafi na zuwa, sai dai ba buta, da gorar ruwa muka yi dabara. Mun haɗa sallolinmu muka yi ƙasaru. Rana ba ta faɗi ba sai wajen ƙarfe 8.

Abinci a irin waɗannan garuruwa sai da lura. Ba maganar naman halal, don haka kifi muka nema. Yaron ya saba, ya tambayi mai kawo abinci ko ƙullun da ake tsoma kifin kafin a soya da giya aka kwaɓa shi, ta ce e. Ya tambayi miyar da ke cikin tukunya, ta ce akwai naman alade a ciki. Ba ta nuna ƙosawa ba, ita da kanta ta ce mu ɗauki gasasshen kifin salmon da dankalin Turawa. Kifin ja ne, mai maiƙo, ba ƙaya, na barbaɗa masa yajin da na ɓoye a aljihu. Mu biyu mun kashe kusan dala 60, da abin da ake ƙara wa mai hidima, wanda a can kamar wajibi ne.

A teburin kusa da mu wani dattijo ne mai faɗin kafaɗa, yatsunsa biyu sun guntule. Hulata ce ta ja shi magana. Da ya ji aikina sai ya juyo da kujerarsa. Sarar itace ya yi tun yana saurayi, kamar ubansa. Ya ba ni labarin 1990, shekarar da gwamnati ta sa wata mujiya mai ɗige-ɗige cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana, tsuntsuwar da ba ta rayuwa sai a tsohon daji. Daga nan kotuna suka tsayar da sara a manyan dazuzzukan gwamnatin tarayya, injinan tsaga katako suka rufe, mutane suka rasa aiki, wasu suka bar garin. Har yau da ɗaci a muryarsa. Na yi tunanin yadda za a ji a gida idan aka ce an hana mutane sana'a saboda mujiya, tsuntsuwar da muke jifa idan ta sauka a kan katanga. Ban yi masa gardama ba, don na san irinsa. Na sha kama masu gawayi da buhunan kirya da marke, kuma mafi yawansu ba mugaye ba ne, masu iyali ne da ba su da wata hanya. Sai dai na tambaye shi ko ya san tiriliyam. Ya yi murmushi ya ce mahaifiyarsa takan doke hannunsu idan suka tsinka.

Washegari muka yi kudu kaɗan, muka saki babbar hanya muka bi wadda ke hawa gefen kogin Hoh, kimanin kilomita 29. Kafin a kai gandun, hagu da dama filayen da aka yi wa aski ne. Sarar ƙarƙaf suke yi, ba a barin komai sai kututture da tarin rassa, gefe guda kuma daji a tsaye kamar an yanka da wuƙa. Wasu filayen an sake dasa su, har da allo a bakin hanya mai nuna shekarar sara da shekarar dashe. Dokar jihar Washington ta wajabta sake dashe cikin shekara 3, kuma suna bi. Na sa yaron ya tsaya na shiga ɗaya daga cikin dasassun. Itatuwan sun yi tsayi, kansu ɗaya, shekarunsu ɗaya, a matse. Ƙasansu duhu ne da busassun allurai. Na zaga iya zagawata ban ga fure ko ɗaya ba.

Wani masani mai suna Erik Jules ya bi diddigin wannan a duwatsun Siskiyou na kudancin Oregon a shekarun 1990. Ya tarar a filayen da aka sare kusan duk tiriliyam ya mutu. Abin da ya fi wannan tayar da hankali, ko a cikin dajin da aka bari a tsaye, daga bakin saran zuwa kimanin mita 65 ciki, tsofaffin tsirran suna nan amma kusan babu ƙanana tun daga shekarar da aka yi saran. Ɓeraye sun yawaita a filin da aka buɗe, suna shigowa suna cinye irin. Mai wucewa zai ga fure ya ce lafiya ƙalau, alhali zuriyar ta yanke.

Wannan ya tsaya mini a rai, don ya taɓa aikina kai tsaye. Shekara da shekaru muna gangamin dashen itatuwa, a kawo manya su dasa na farko, a sanar da adadin da aka raba. Darbejiya da turare na dasa su da hannuna ba iyaka, kuma ba na raina su, sun tare iska sun ba da inuwa da makamashi. Amma layin darbejiya bai taɓa zama dajin Falgore na Kano ba. A Falgore, ƙarƙashin doka da maje da kaɗanya, ruwan farko na sauka albasar kwaɗi da gadali da rogon daji ke fasa ƙasa, abubuwan da suka kwana a ƙarƙashi tun bara. Inda aka sare aka ƙone aka noma, ko an sake dasa itace, ban ga sun dawo ba. Kuma a duk rahotannin da na rubuta a rayuwar aikina, itatuwa ake tambayarmu mu ƙirga, ba wanda ya taɓa neman lissafin abin da ke ƙasansu.

Shinge ɗaya tak da muka tarar a duk tafiyar shi ne ƙofar gandun Olympic. Wata ma'aikaciya a cikin ɗan ɗaki ta karɓi dala 30, kuɗin mota ɗaya na mako guda, ta ba mu rasit da taswira, ta gargaɗe mu kada mu matsa kusa da manyan barewar dajin. An kafa gandun a 1938 zamanin shugaba Franklin Roosevelt, faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 3,700, kuma a 1981 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Dajin Hoh kuwa sai wanda ya gani. Ruwa na ɗiga ko ba a ruwan sama. Gansakuka ta lulluɓe rassan mapul tana reto kamar tsumma, wani tsiro mai ganye irin gashin tsuntsu ya rufe ƙasa har ƙugu. Itatuwan sifurus na Sitka wasunsu sun haura mita 70, mutum biyar ba za su zagaye gindin ɗaya da hannu ba. Bishiyar da ta faɗi ba mai taɓa ta. A nan take ruɓewa shekaru aru-aru, 'ya'yan itatuwa su tsiro a bayanta a jere, su zura saiwa ta gefenta har ƙasa. Idan ta narke sai a ga manyan itatuwa a layi ɗaya, kowanne a tsaye kan saiwoyinsa da rami a ƙarƙashi. A gida da irin wannan gungumen bai kwana ba an faskara shi. Mun ga dodon koɗi marar ƙoƙo, rawaya, tsawon yatsa da rabi, yana jan ciki a kan hanya. Mun kuma ci karo da garken barewar nan, kowace ta kusa girman saniya, suna kiwo tsakanin itatuwa ba su damu da mu ba. Su ne ke rage ciyayin ƙasa, shi ya sa wasu wuraren suke a buɗe.

Sanyi ya shige ni sosai a nan. Safar ƙafata ta jiƙe duk da takalmin, yatsuna suka ƙage har na kasa riƙe waya, gwiwar da na daɗe ina lallaɓawa ta fara magana. Alwala da ruwan famfon wurin kamar an zuba wa mutum allurai. Yaron ya ce, “Kawu, mu koma mota ka sha shayi.” Na ce ya bari mu ƙarasa zagayen, ɗan kilomita ɗaya ne da 'yan kai. A nan ma tiriliyam na nan, cikin shimfiɗar wani ɗan tsiro mai ganye uku-uku da ya rufe ƙasa, amma a warwatse. A gindin wani sifurus na tarar da abin da nake nema tun jiya: babba mai fure a tsakiya, kusa da shi masu ganye uku da ba su kai ga fure ba, sannan 'yan ƙanana masu ganye ɗaya, waɗanda in ba an durƙusa ba ba za a gan su ba. Na nuna wa ɗan nawa. Ya ce sau da yawa yana zuwa nan da yaransa amma bai taɓa lura da ƙananan ba.

Dawowa ta kudu muka zaga don kada mu jira jirgin fito. Mun tsaya a bakin teku na ga gungumen itatuwa da igiyar ruwa ta watso kan yashi, sannan Aberdeen, Olympia, sai cunkoson motoci a Tacoma wanda ya cinye mana yamma. Da na haɗa kuɗin mai, fito, masauki, abinci da shiga gandu, tafiyar ta haura dala 300, kuma ya ƙi karɓar ko sisi daga hannuna.

Matarsa ta ce akwai masu sayar da tsiron a tukunya, waɗanda suka raino daga iri, ko ta saya mini in tafi da shi. Na yi mata godiya na ce a'a. Ko an bar ni na fita da shi, ƙwayar da ke buƙatar hunturu biyu na sanyi mai tsanani da inuwa mai danshi ba abin da za ta yi a Kano sai mutuwa. Na ce in tana so ta dasa a bayan gidansu inda rana ba ta kaiwa, yara su taso tare da shi.

Na sauka Kano damina ba ta faɗi ba tukuna. Washegari na kira wani tsohon abokin aikina da muka yi zaman Tudun Wada tare, na ce idan ruwa ya sauka ina so mu shiga Falgore da littafi, mu auna fili a inda ba a taɓa sara ba da inda aka sare, mu rubuta duk abin da ya fito daga ƙasa. Ya ce ya yarda, amma sai mun fara tambayar yanayin tsaro, kuma sai mun nemi wani tsohon maharbi ya raka mu, don shi ne zai san sunayen da mu ba mu koya a makaranta ba.